Tatsuniyar da Iya Ke Cire wa Waƙa

Shekarata bakwai aka bar ni a Toranke. Babana ya kwashi iyali zuwa Kano, motar Ajingi ta cika. Na ji shi da kunnena: "Wannan ba dole ba ne, ya zauna wajen Iya." Ba su dawo ba.

Iya kakata ce. Bayan magariba takan hura kara a tsakar gida, mu biyu kawai. "Matso, angona, ga ta nan ta iso," in ji ta. Tatsuniya ɗaya na fi so. Ruwa ya cika ramin bushiya mai 'ya'ya uku, ganyen da za ta haye da shi kuwa 'ya'ya biyu yake ɗauka. Ta bar na ukun a kan dutse. Yana zaune yana waƙar kiran uwa, har ta dawo ta ɗauke shi.

Ranar da kara ya yi kaɗan, Iya tsallake waƙar take yi.

"Iya, kin zubar da waƙar."

"Rigimamme! Wutar ce ba ta isa ba. Waƙa tana cikina."

Ta rasu kafin in yi gemu. Na yi dako, na yi haƙar rijiya, yanzu gadin famfon sola nake a bayan Gaya.

Bara wata injiniya, Rabi, ta zo zuba manhaja a ƙaramar na'urar da ke kunna famfon. Manhajar ta ƙi shiga. Rabi ta daɗe tana danna kwamfuta, ina riƙe mata lema.

"Baba, ƙwaƙwalwar na'urar ce ƙarama," ta ce. "Manhajar nan wasu suka rubuta, kowa ɗiba yake. Akwai ɓangaren sauti a ciki, mu kuwa ba mu da lasifika. Ba dole ba ne. Zan sake haɗa ta babu shi."

Maganar ta soke ni, irin ta babana ce. Na ce, "Shi ke nan, an yar da shi?"

Ta yi dariya. "A'a, Baba. Yana nan a asalinsa, ban goge ba. Nan ne dai babu wuri."

Ta sake haɗawa. Manhajar ta shiga. Ruwa ya zubo, mata suka fara jera jarka.

Ban yi boko ba, amma na gane. Iya ta san wane ne a kan dutsen, shi ya sa ba ta taɓa tsallake dawowar uwar ba, ko da wuta ta mutu. Ko babana gogewa ya yi, ko wuri ne babu, ban sani ba. Babu sauran wanda zan tambaya.

Ina nan bakin famfon. Na'urar tana aiki, ba ta sauti. Waƙar kuwa ni kaɗai na rage da ita.