Furen Kaka a Bayan Rijiya

Duk tsufan da zan yi, ba zan manta da ranar da malamin taba ya leƙa bayan rijiyar gonarmu a Shinkafi ba.

Lokacin ina budurwa, kamfanin sigari bai daɗe da shigowa ƙasarmu ba. Shi ke ba da iri, shi ke sayen ganye, a kai Ƙaura a loda wa jirgin ƙasa. Da ƙyar Baba ya samu aka sa gidanmu, kuma da sharaɗi: da taba ta fara alamar fure a karye kan, don ganye ya yi faɗi. Wanda aka kama da fure a gona, an soke shi ke nan.

To, Kaka, uwar Baba, ba ta cin goro sai ta goge haƙora da furen taba sun yi jawur. "Mace da farin haƙori kamar akuya? Allah ya sawwaƙe!" in ji ta. Ni ta ja muka bar wasu gindi a bayan rijiya ba mu karye kansu ba, Baba bai sani ba.

Ranar da malamin kamfani ya zo duba gona, ƙishirwa ta kai shi rijiya. Sai ya yi ido biyu da furen. Ya kira Baba ya nuna masa, ya ce, "Malam, mine ne wanga?"

Abincin gidanmu na shekara ne zai tafi.

Kaka ta tako da sandarta ta ce, "Nawa ne, ɗan nan. Ganye naku, fure nawa."

Mutumin ya durƙusa ya rage murya. "Inna, don Allah ƙulla mini kaɗan. Tun da na kama aikin nan tsohuwata take fushi da ni, wai na ƙarar da fure a ƙasa."

Kai, mun sha dariya! Har Baba da ke zufa ya dara.

Bayan wasu shekaru kamfani ya daina zuwa, aka wayi gari ba mai iri, don kowa ya karye furensa. Kaka kuwa ta cika gora da irin da furenta ya bayar. Da shi Baba ya ci gaba da noma yana kaiwa kasuwa, maƙwabta har daga Moriki suna zuwa roƙo.

Tun daga nan na koyi cewa komai daɗin hulɗa da baƙo, kada ka bari irin gidanku ya ƙare a hannunka.