Ruwan Jegon da Ya Ci wa Ɗana Wata Shida

Ni tsohuwa ce daga Kano, ban taɓa shiga aji ba, surukata ce ma ke rubuta min wannan. A lokacin da nake ba ku labari, ni mace ce da ba a ja da ita a gida. Na yi wa mata wankan jego sun fi ashirin, babu wadda ta kumbura a hannuna. Da matar ɗana ta haihu a Malesiya, sai aka ɗauko ni na zo unguwarsu, Danau Kota.

Gidan da suke ciki na gwaji ne. An binne bututu a ƙarƙashin ƙasa, ruwa na zagaya gidaje shida, kowane gida da injinsa kamar firji, yana jawo ɗumi daga bututun ya dafa ruwan wanka. Auna wannan abu shi ne karatun ɗana na dokta. Amma duk wannan daga baya na sani. Ran da na tambaye shi mene ne wancan akwatin, wato injin gidanmu, da ya manna wa jan salatif, cewa ya yi Hajiya ba za ki gane ba, kar dai ki taɓa. Ni da na haife shi!

Na tara hannu a famfo, na ji ruwan da ko jariri ba zai yi wa kuka ba. Da wannan za a gasa maijego? Sai na sa ido har na ga inda ake murɗawa a jikin akwatin don ƙara zafin ruwa. Kullum yana fita makaranta in ɓare salatif in ƙure shi, in yi ta tara ruwa safe da la'asar, kafin ya dawo in mayar in manne. Surukata ta ce Hajiya a bari a tambaye shi, na daka mata tsawa. Haka har kwana arba'in.

Ashe duk ɗumin da nake ja, daga rabon gidaje shidan nake ja, na'urarsa kuma tana rubutawa. Malaminsa ya ce awon ya lalace, a sake daga farko, aikin wata shida. Abokansa sun gama sun koma gida, shi yana nan. Da na faɗa masa ni ce, bai ɗaga murya ba, zama kawai ya yi a ƙasa. Da ma zagina ya yi.

Na yi laifi, na ɓoye, na kuma tsawata wa mai gaskiya. Amma har yau raina na tafasa. Da ya zaunar da ni minti biyar ya ce ruwan na tarayya ne kamar rijiyar unguwa, wallahi da tukunya zan ɗora a kan gas. Iyaye mata, ku daina aiki a ɓoye don an ɓata muku rai. Ku kuma 'yan boko, ku daina ce mana ba za mu gane ba. Rashin karatu ba rashin hankali ba ne. Ku yi mana bayani.