Littafin Kamfani na Malam Badamasi

Malam Badamasi mutumin Kurfi ne, malamin firamare, shekara talatin da biyar yana cin ƙurar alli. Ni kuwa Ilu, hatsi nake sayarwa a Dutsin-Ma, ban yi boko ba. Shi ya kai ni ya baro ni a harkar hannun jari, lokacin da kowa ke saye kamar ana rabon sadaka. Muka sayi na wani kamfanin fulawa, shi da kuɗin sallamarsa, ni da ribar gero. Akwatin gidan waya ɗaya muka kama, makulli na hannunsa.

Ba a yi shekara ba farashi ya rufta. Mutanen da muka saya tare duk suka sayar suka watse, wasu har suka daina gaisawa da shi. Malam ko a jikinsa. Cewa yake kamfanin da ke niƙa abin da mutane ke ci ba ya mutuwa, a dai yi haƙuri. Duk ranar kasuwa sai ya hau tsohon babur ɗinsa mai tari ya taho rumfata, ya zauna kan buhun dawa, ya buɗe jarida ya karanta mini farashin. In ya sauka ya yi dariya, in ya hau kwabo biyu ya ce in sayo mana fura. Sau ɗaya a shekara kuma ya zo da littafin da kamfani ke aikowa, ya fassara mini shi shafi-shafi, ni ina gyangyaɗi.

To ga abin kunyar: ni na sayar da nawa tun a shekara ta biyu, a ɓoye. Tsoro ya kama ni, wallahi. Kuma na kasa gaya masa, don na san hannun jarin nan ne ke kawo shi Dutsin-Ma. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse Kaduna da Abuja, ba ni da wanda zai zauna mini kan buhu in ba shi ba. Shekara goma sha huɗu ina cewa "namu" da bakin nan nawa.

Bara da damina Allah ya yi masa rasuwa. Bayan sadakar arba'in 'yarsa Nana Hadiza ta zo rumfa da leda, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce farashin ya ninka har sun fara maganar gado, sannan ta miƙo mini littattafan kamfanin, wai Malam ya ce a ba ni. Na ce ai magada suka fi cancanta. Nan dai na daure, na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai ta riga ni.

"Baba, ya sani. Da can littafi biyu ke zuwa akwatin, kowa da sunansa. Daga baya ɗaya ya riƙa zuwa."

Ni duk zamana na ɗauka guda ake aiko mana mu raba. Na tambaye ta me ya hana shi yi mini magana.

"Ya ce in kun san ya sani, kunya za ta sa ku daina jiransa."

Jiya ma ranar kasuwa ce. Na sayi jarida, na ajiye kan buhun dawa, har na rufe rumfa ba wanda ya buɗe ta.