Nagoggo da Gidansa na Bulon Roba

A Gwandu in ka tambayi Lukuman ɗan Malam Basharu, sai an yi ta kallon-kallo kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Nagoggo mai gwanjo, nan take za a ce maka ya koma Kalgo da zama, a bi ka da murmushi, don an san ba wando ka zo saye ba. Labarin dattijon nan ka ji, mai furfura a gemu, wanda yake wasa da kayan yara.

Sunan ya samo shi ne daga Goggo Fatsuma, ƙanwar mahaifinsa. Allah bai ba ta haihuwa ba, da aurenta ya mutu ta dawo gida, ana yaye Lukuman aka miƙa mata shi riƙo. Gidan nasu babba ne, kakansu ya bar wa 'ya'yansa maza biyu, Malam Basharu da Bappa Ashiru, aka ja katangar ƙasa a tsakani aka bar 'yar kafa ta wucewa. Ɗakin Goggo yana daidai bakin kafar nan. Tuwo yana zo mata daga gabas, fura daga yamma, ita kuma tana raba wa kowane ɓangare faɗa daidai wa daida. A ɗakin nan Nagoggo ya yi rarrafe, a nan ya yi ƙyanda, a nan ya sha bulalar farko.

Duk mai gwanjo yana da al'ada ɗaya: in an kwance dila, kafin a baje kaya sai an lalube aljihu. Abokan sana'arsa a kasuwar Kalgo kuɗin Turawa suke fata. Shi kuwa, wata rana yana ɗan shekara ashirin da biyar, ya zura hannu a aljihun wandon wani yaro ya fito da 'yan bulo biyu na roba, ja da shuɗi, kowanne da 'yan ƙwayoyi takwas a baya. Ya danna ɗaya a kan ɗaya, suka ce ƙas, suka kama juna. Ya ɓalle, ya sake dannawa. Har aka tashi kasuwa bai sayar da riga uku ba.

Daga nan ciwo ya kama shi. Ya bi 'yan gwanjon Kalgo da na Birnin Kebbi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, duk wanda ya tsinci irin abin nan ya ajiye masa. Suka riƙa ajiye masa suna dariya. In an buɗe dilar kayan wasa, shi ne farkon zuwa, yana ture-ture da mata masu neman 'yar tsana. A irin wannan dila ya samu faranti huɗu koraye masu faɗi, waɗanda ake kafa ginin a kai, ya manna su a kan allon katako. Ƙwayoyin nan ya sa musu suna haƙora, ya kuma kafa wa kansa doka: haƙori ɗaya, taku ɗaya. Ya bi gidansu lungu-lungu yana takawa yana ƙirgawa, daga zaure zuwa rijiya, daga rijiya zuwa katanga, mata suna ɗauke turmi daga gabansa suna cewa Allah ya ba shi lafiya.

Matsalar ita ce Turawan da suka ƙera abin ba su san Gwandu ba. Sun yi ja, sun yi rawaya, ba su yi launin ƙasa ba. Sai ya riƙa goge kowane bulo da sanfefa, ya shafa masa fentin da wani mai fentin mota yake haɗa masa. Kusurwoyi ya kankare su da reza don katangar ƙasa ba ta da kaifi. Indararo ya yi shi da bututun biro. 'Yan mutanen da suke zuwa cikin kayan kuwa, da wani malami ya yi masa magana a kan ajiye siffa a ɗaki, sai ya kankare musu fuska ya ɗinka musu tufafi. Wani ɗan sama jannati ya zama Malam Basharu da rawani. Goggo Fatsuma asalinta ma'aikacin kashe gobara ce, abin da duk wanda ya san ta ya ce an juya al'amari.

Kula kuwa, ko jariri albarka. Wata-wata yake wanke su da ruwan ɗumi da sabulu, ya shanya a inuwa don rana tana cin launi. Allon yana ajiye a ɗakin Goggo ƙarƙashin taga, a rufe da tsohon zanenta. Kuma ba a taɓa ganin Nagoggo babu tsohon burushin haƙori a aljihun gaba ba, yadda wasu suke saƙale biro. Ya ga ƙura a tsakanin haƙora, hannunsa ya riga tunaninsa. Matarsa Rukayya, 'yar Wurogauri, ta ce da ita ake share wa hawaye haka da sauri, da ba ta taɓa yin yaji ba.

Dokarsa ta biyu ita ce allo ba ya ƙarya. In aka sāke ƙofa a gida, ya sāke a allo. In rumbu ya faɗi, ya cire. Shekarar da damina ta kayar da katangar tsakiya, dattawan biyu suka ce a bar ta, me za a ɓoye wa juna? Daga baya aka malale tsakar gida da siminti. Nagoggo ya cire katangar, amma ya bar layi ɗaya na bulo a kwance, ya ce tushe yana nan ƙarƙashin siminti, shi kuwa bai ga wanda ya tone shi ba.

Goggo ta rasu, bayan ta faɗa a gaban kowa cewa ɗakin nan a bar wa yaronta. Bappa Ashiru ya bi ta, Malam Basharu ya bi ƙaninsa. Ɗakin ya zama wurin da Nagoggo yake zama bayan la'asar, shi da allonsa da ƙamshin daddawar da har yanzu bai gama fita daga bango ba. Ba ya ɓoyewa, ya fi son ɗakin nan da duk abin da ya mallaka.

Sai bara Sirajuddeen, babban ɗan Bappa Ashiru, ya ce zai fasa shago ta bakin titi, kuma ɗakin Goggo a ɓangarensu yake. Ɗahiru, yayan Nagoggo, ya ce ƙarya ne, katanga ta bayan ɗakin ta bi. Aka tara waɗanda suka san katangar, kowa ya tuna abin da ya yi masa daɗi. 'Yan gabas suka rantse, 'yan yamma suka rantse. Mai unguwa ya ce ko dai a fasa siminti a nemi tushe, ko a kawo shaida. A nan ne Ɗahiru, wanda ya shekara ashirin yana cewa ƙaninsa yana ba su kunya, ya tuna da allo.

"Ranka shi daɗe, muna da shaida," in ji shi. "Ƙanena ya gina gidan ga tun katanga na tsaye. Kowa ya san shi, ba shi ƙari ba shi ragi."

Sirajuddeen ma ya yarda. Mutumin da zai tayar da mata daga daka don ya auna taku, ba zai iya ƙarya ba. Aka sa ranar Asabar da hantsi.

Ɗahiru bai taɓa ɗaga zanen nan ya duba ba, shi ya sa ya yi wannan cika baki. Nagoggo kuwa ya san abin da ke ƙarƙashi. Layin tushe ta gabashin ɗakin Goggo ya bi. Ɗakin yana ɓangaren Bappa Ashiru, aron wuri ne ya ba 'yar'uwarsa, kuma shi Nagoggo kullum ta kafar nan yake bi in za shi gaida mahaifiyarsa.

Ranar Alhamis bayan la'asar ya rufe ƙofa ya zauna gaban allo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa farce ya ɓalle layin, ya tsallake ɗakin da shi, ya danna shi ta yamma. Haƙora goma sha biyu kacal. Aikin da bai kai shan kofin ruwa ba.

Amma da ya ja da baya sai ya ga abin da bai zata ba. Zanen Goggo ya tare ƙura, bai tare hasken taga ba. Shekara da shekaru hasken safe yana ratsa shi yana koɗar da farantin a hankali, har ya zama kamar busasshen ganyen kuka, shi kuma bai lura ba don kullum yana gani. Inda layin ya tashi kuwa, ga kore nan shar, miƙe sambal daga rijiya har bango.

Rukayya ta same shi a murhu yana ɗibar toka. Ta bi shi ɗaki, ta ga yana barbaɗawa a kan allo yana murzawa da yatsa, ta tsaya riƙe da haɓa.

"Malam, lahiya? Kai da ko numfashi ba ka bari a yi kusa da abin ga?"

"Tahi ki yi aikinki," ya ce, bai ɗago ba.

Ta duba layin, ta dube shi. Ta san gidan kamar yadda ya san shi. Ta ce, "Allah shi kyauta," ta fita.

Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarma a zaure, mutum biyu suka ɗauko allon a hankali kamar gawa. Duk masu yi masa dariya suna nan, sun tanƙwashe ƙafa. Aka yaye zane, sai "Masha Allahu" ta ko'ina. Wani tsoho ya gane rumbun da ya taɓa faɗowa daga kai. Wani ya nuna Malam Basharu da rawani ya share ido. Ranar da Nagoggo ya shekara ashirin yana jira ke nan, ta kuwa zo masa da ƙarya a kan allo.

Mai unguwa ya gyara tabarau ya sunkuya. Layi ta yamma ya bi, ɗaki yana gabas. Babu wanda ya ga komai. Sirajuddeen ya ce, "To, in Nagoggo yac ce haka, haka na." Ɗahiru ya fara gyaran murya irin ta wanda ya ci shari'a.

Shi kuwa Nagoggo ba ya jin su. Hasken ƙofar zaure ya sauka a kan allo, ga toka nan ta cika tsakanin haƙora, fari-fari, a gaban baƙi, a ranar da duk unguwa ta zo gani. Sabo turken wawa. Kafin ya san abin da yake yi, burushi ya fito daga aljihu, ya share sau ɗaya, sau biyu, ya hura.

Koren layi ya fito a gaban kowa.

Zai iya cewa wani abu ne daban ya taɓa zama a wurin. Da sun yarda, don babu wanda ya san sha'anin roba da rana sai shi. Amma ya dubi allon, ga koren layi a nan ga bulo a can, abin ya yi masa muni ƙwarai. Ya sa farce ya ɓalle layin, ya mayar da shi mazauninsa, bulo ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana cewa ƙas.

"Nan katangar take," ya ce. "Shekaranjiya nig gusa ta. Ɗakin ga na Bappa na."

Liman ya yi kabbara. Ranar Juma'a har misali aka yi da shi a kan tsoron Allah, ba a ambaci suna ba amma kowa ya waiwayo. Nagoggo ya sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne. Shi da Rukayya kaɗai suka san tsoron Allah daga baya ya iso, ƙura ce ta riga shi.

Ɗahiru ya daina amsa masa gaisuwa, wai ya ɗauki ƙasar ubansu ya ba da saboda kayan wasa. Mutanen gari suna yabonsa, amma tun daga ranar babu wanda ya ƙara barinsa ya wuce zaure, kada ya shiga yana ƙirga taku. Da zaman ya yi tsami, ya kwashe iyali ya koma Kalgo kusa da rumfarsa, allon yana kan cinyarsa a gaban mota tun daga Gwandu har can.

Sirajuddeen ba mugu ba ne. Ya jira wata uku, sannan ya bugo waya da kansa ya ce an rushe ɗakin, za a fara ginin shago. Nagoggo ya ce Allah ya sa albarka. Da ya dawo daga kasuwa ya yi la'asar, ya yaye zane ya zauna. Rukayya ta tsaya a bayansa.

"Malam, bar shi," ta ce. "Wa ka tambayarka? Ko nan wurin shi tsaya mana."

Ya ce, "Allo ba shi ƙarya, Rukayya. Sau ɗaya na gwada, kin gani."

Ya fara da rufi, ya bi da bango huɗu, ya ɗauke Goggo ya sa ta a aljihu kusa da burushi. A tsakiyar koɗaɗɗen farantin nan sai ga wuri mai kusurwa huɗu, haƙora goma sha biyu kowane gefe, kore shar kamar ranar da aka kwance dila.

Shagon Sirajuddeen ya kai wata takwas yana ciniki, ana cajin waya ana sayar da lemo. Nagoggo ya je ya gani, ya taka, ya ƙirga, ya fente bulon da za su yi shi, suna nan jere a cikin gwangwanin madara. Rukayya takan tambaye shi yaushe zai kafa. Kullum sai ya ce fenti bai gama bushewa ba.