Ƙusar Mai Fenti

Shekara talatin da ɗaya ke nan Mai Ƙusa yana rubuta wa mutane allunan shaguna, kuma har yau bai iya karanta Turanci ba. Ba ya ɓoyewa. In ka tambaye shi yadda yake yi, sai ya ce mai haƙa kabari ma ba a ce sai ya taɓa mutuwa ba.

Shagonsa ɗaki guda ne: gwangwanayen fenti a jere, burusai jiƙe a kananzir, tsani jingine da bango. A jikin katakon ƙofa akwai wata doguwar ƙusa, ita ta ba shi suna. Dokarsa ɗaya ce. Abin da kake so a allonka, rubuta shi a takarda da hannunka. Shi zai kwafe harafi bayan harafi kamar mai zanen tsuntsu, ba ƙari ba ragi, in ya gama ya soke takardar a ƙusa.

Ƙusar nan ta fi alƙali raba gardama. Wani mai aski ya taɓa zuwa yana kumfar baki, wai an ɓata masa allo ana yi masa dariya. Mai Ƙusa ya zaro takarda ya miƙa masa. Mai aski ya dubi rubutun hannunsa, ya tambayi lafiyar iyali, ya kama gabansa.

A bencin ƙofar shagon kuwa kullum akwai wani tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya, ana ce masa Malam Ƙamus. Ba allon da zai fita bai yi masa jana'iza ba.

"Wannan kalmar babu ita a Turanci," in ji shi.

"Mai walda ya ce akwai."

"Mai walda! A ina ya san Turanci?"

"Ni dai na ga ana kai masa ƙofofi yana gyarawa. Kai wa ya taɓa kawo maka ko murfin tukunya?"

Haka suke tun da safe har rana ta karkata, kuma ba wanda ya taɓa canza wa wani ra'ayi.

Ana nan sai aka naɗa mijin 'yar Mai Ƙusa hedimastan wata makarantar kuɗi. Mutum ne mai tabarau, wanda ko kaji zai kora sai da Turanci. Shi ya kawo aikin babban allon ƙofar makaranta, da taken makarantar a ƙasa, a ciki har da wata kalma doguwa kamar jirgin ƙasa. Mai Ƙusa ya kwafe, ya kafa allo, ya soke takarda.

Kwana uku ba a yi ba iyayen yara suka fara tsayawa suna ɗaukar allon hoto da waya. Wasu suka ce an ci harafi ɗaya a doguwar kalmar, wasu suka ce an ƙara ne, Malam Ƙamus ya ce kalmar ma shegiya ce, ba ta da uba a Turanci. Matar da ke da makarantar ta kira taro. Labari ya iso shago cewa hedimasta ya ce hannun mai fenti ne ya zame.

Da azahar 'yar Mai Ƙusa ta kawo masa abinci da kanta, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ajiye kwano, idonta na kan ƙusa.

"Baba, takardar tana nan?"

"Ina za ta je, Uwata? Ƙafa gare ta?"

"In ka fito da ita kujerarsa ta tafi. Wata biyu kacal da ba shi."

"In ban fito da ita ba fa? Shekara talatin da ɗaya ba a taɓa kama ni da satar harafi ba. Shi kaɗai ne rawanina, shi ma in tuɓe wa mijinki ya goge takalmi?"

Ta tafi ta bar shi da abincin.

An yi taron a ajin 'yan shekara shida. Mai Ƙusa ya zauna a ƙaramin benci, gwiwoyinsa na gaisawa da haɓarsa, takardar na aljihu. Ga mai makarantar, ga mai kemis da akawun lauya a madadin iyaye, ga Malam Ƙamus rungume da ƙamus wanda bangonsa ya riga mu gidan gaskiya. Hedimasta na gefe yana share gumi da hankici.

"Baba, magana ɗaya ce," in ji mai makarantar. "Kuskuren nan naka ne ko nasa?"

"Ranki ya daɗe, ni ban san kuskure ba, ban san daidai ba. Amma fenti na waje, tsani na waje. Ku masana ne. Kowa ya rubuta mini daidai ɗin a takarda, kada wani ya leƙa ta wani, yanzu in hau in gyara."

Ya yage littafin wani yaro ya raba musu. Aka sunkuya kamar masu jarrabawa. Da suka gama ya jera takardun a tebur yana bin haruffa da yatsa mai shuɗin fenti. Ta mai kemis harafi goma sha biyu. Ta akawun lauya goma sha huɗu. Malam Ƙamus bai rubuta kalmar ba sam, wa'azi ya cika shafi da shi.

Nan fa aji ya kaure. Mai kemis ya ce wayarsa ta san kalmar. Malam Ƙamus ya ce waya ba ta yi karatu a ko'ina ba. Akawun lauya ya rantse a gabansa aka taɓa ɗaure mutum da ita a kotu. Mai Ƙusa ya bar su suka gaji, sannan ya ɗaga takarda ta huɗu ya dubi allon ta taga. Karatu ne bai iya ba, amma kama ba ta ɓace masa.

"Ranki ya daɗe, taki da ta allo ai uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ko gashin gira bai bambanta su ba."

Mai makarantar ta karɓi takardarta ta duba, ta gyara mayafi, ta ce ita dama tun farko ba ta ga aibin allon ba, kuma an tashi taro. Takardar aljihu ba ta ga rana ba.

Washegari da sassafe hedimasta ya zo shago. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida surukinsa da Hausa tsantsa, ko tarin Turanci bai yi ba. Can ya ce, cikin ƙaramar murya, "Baba, ko za a ba ni takardar nan?"

Mai Ƙusa ya nuna masa ƙofa da burushi. Tana can a soke, takardun masana huɗu sun danne ta.

"Ƙusa ba ta amayar da abin da ta ci. Tashi ka riƙe mini tsani, tunda kai hannunka ba ya zamewa."