Amsar da Ba a Yi wa Wakili

Ni dai ba a taɓa tambayata ra'ayina kan komai ba sai da na haifi ɗa na biyu. A gidanmu na Maguzawa, can gefen Birchi a ƙasar Kurfi, mai gida ne bakin kowa. Surukina, uban mijina, shi ke cewa gobe shuka, shi ke buɗe rumbu, shi ke yanka wa iskoki akuya a madadinmu duka, mu namu cin nama. Saboda haka ranar da ya dawo daga Dutsin-Ma, ana dab da samun mulkin kai, ya tara gida ya ce daga yau mun bi Yesu, ba wanda ya yi mamaki. Ya bi, mun bi. Ran Lahadi sai mu yi wanka mu tafi rumfar da ake sujada, in shige cikin mata ina motsa baki ana waƙa.

Bayan kaka aka ce za a yi baftisma a rafi. Malamin bishara ya zo a kan kekensa, wani siriri mai yawan tari, ya ce sai ya tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya a gaban dattawa. Wa ke zaune tsakiyar dattawan nan? Surukina! Ni da ko a hanya na hango shi sai in ratse cikin gona. Gaisuwa ma ba da baki nake yi masa ba, sai dai ya ga na durƙusa ya amsa. Na shiga zaure na raɓe can gefe, na ja mayafi na rufe fuska.

Malam ya ce, "Kin ba da gaskiya Yesu ya mutu saboda zunubinki? Kin dogara gare shi ya cece ki?"

Na ƙara jan mayafina. Mijina ya leƙo daga bakin ƙofa ya ce, "Ta ba da, Malam."

"Ba kai na tambaya ba."

Surukina ya gyara murya. "Malam, ai ni na karɓa wa gidana kaf, har jikoki. Yarinyar nan kunyata take ji."

"Baba, na san kai ne gaba a gidan nan. Amma maganin da ka sha ba ya warkar da ita. Wannan abu ba a yi wa mutum wakili."

Aka yi wa mutanen gidanmu baftisma ban da ni. Kai, na ji haushin malamin nan! Ina daka ina zaginsa a zuci, har turmi ya san ana fushi. Mutum ya zo daga gari da kekensa, bai san kunya ba, yana so in zubar da mutuncina a gaban suruki? In ya isa, ya je ya sa tasa matar.

Sai dai haushin bai tsaya a kansa ba. Tambayar ta bi ni gona, ta bi ni rijiya. In ɗauki tulu in manta abin da na fito yi. Na ƙona tuwo har mijina ya ce ko iskokin da muka bari ne suka dawo kaina. Ran kasuwar Dutsin-Ma na kai daddawa, wata Hajiya da ta saba saye a wurina, mai son tsokana, ta ce, "Ke Bamagujiya, an ce kun zama Kirista?" Na ce mai gidanmu ya zama. Ta yi dariya ta ce, "To ke fa?" Na tattara kayana na dawo gida. Na duba na ga ban taɓa yarda da iskoki don kaina ba, an dai yarda mini. Yanzu ma haka nake so a yi mini da Yesu: in an tsira in tsira a cikin ayari, in an ɓata ba laifina ba ne.

Wata kaka ta zagayo, Malam ya dawo da tarinsa. Na shiga zaure na durƙusa. Kafin ya buɗe baki sai surukina ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce zai duba jakinsa. Dattawan suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Tsohon nan ya ɗauke mini kunya, ya kuma bar ni ba mafaka, don yanzu ba wanda zan fake da shi.

Da ƙyar na ce, "Malam, tsoro nake ji."

"Tsoron mi?"

"In na faɗa, ya zama nawa ke nan. Ba wanda zan ce shi ya sa ni."

Ya ce, "Haka ne. In kuma kin ƙi, ba mai tilasta miki, ko ni, ko Baba."

Bai lallashe ni ba, ya bar ni da kaina. Ban ga wani haske ba, ban ji wata murya ba. Na dai tuna abin da nake ji duk Lahadi, wai Yesu ya san sunan kowa, ba sunan gida kaɗai ba, na ji ina so abin ya zama da ni ake. Na yaye mayafi na ce, "Na yarda! Ni, da bakina, na dogara gare shi!" Ashe da ƙarfi na faɗa, har kajin da ke kiwo a bakin zaure suka watse.

Na fito, sai ga surukina tsaye a jikin danga, ba jaki ba alamarsa. Na durƙushe, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ɗiyata, ashe haka muryarki take."