Ba Gajiya

A Doha babu tudun da ya isa a kira shi dutse, don haka a matakalar benenmu na unguwar Al Mirqab na koyi hawa. Lokacin korona ne, an rufe jami'ar da nake karatu. Sai in cika jakar goyo da shinkafa da gorunan ruwa, in haye hawa goma sha huɗu, in sauko, in sake. Maigadin gidan, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, yakan leƙo ni ta saman takunkuminsa ya ce, "Malam, lifta fa bai lalace ba. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba," nake cewa, gumi na ɗiga daga gemuna.

A lokacin ne Inna, mahaifiyata, ta rasu a Zariya. Babu jirgi. Ta waya na ji an kai ta. Duk wanda ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. Ban yi kuka ba, matakala na kama. Na sa a raina cewa ranar da na taka ƙololuwar dutse na gaske, abin da ya tokare mini ƙirji zai sauka.

Sai bayan shekara biyu, da zafin Doha ya tsananta, na samu tafiya duwatsun ƙasar Kirgistan. Tun a ƙasa jagoranmu ya gargaɗe mu cewa iskar sama ba ta ƙosar da huhu, duk wanda ya ji ciwon kai ya faɗa. Kowace safiya yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Turawan ayarin ba ruwansu da kunya, har labarin zawo suke ba shi. Ni kuwa a gidanmu ko a gadon asibiti kake, "da sauƙi" ake cewa. Kaina kamar ana daka a turmi, amma kullum lafiya lau.

Rana ta huɗu, ga ƙololuwar nan ina hange, numfashi ya ƙi. Na durƙusa in ɗaure igiyar takalmi, na kasa tuna yadda ake yi. A kan doki aka sauko da ni. Jagoran ya ce da na faɗa tun rana ta biyu, da mun ƙara kwana ɗaya jikina ya saba, da na kai. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na dawo Doha na tarar ana ta shirin gasar cin kofin duniya. Baba na tsaye yana liƙa tutar Ghana a tagar ɗakin gadi.

"Yauwa, Malam ya dawo! Ina gajiya?"

Na buɗe baki in ba shi amsar da na saba, sai ta ƙi fitowa.

"Akwai gajiya, Baba. Tun rasuwar Inna."

Ya ajiye tutar, ya jawo mini kujerarsa. Na zauna da jakar a bayana, na yi kukan da na hana kaina shekara biyu.